Shekarar Da Aka Daina Ɗiban Wuta A Gidanmu

Ranar sunan ɗiyarki, Balki, na ji gwaggonku Zali tana ba matan ɗaki labarin yadda na kori uwar mijina daga Yamai, na tura ta ƙauyen da ba kowa, ta je ta mutu can. Ba ta san ina bayan labule ina gyara ɗaurin ɗankwali ba. Ban tanka ba, don ba a faɗa a gidan suna, kuma ni da Zali mun tsufa da cacar baki. Amma na ga fuskarki, na gane maganar ta shige ki, kuma na san kafin magariba za ta kai kunnen ƙannenki. Shi ya sa na zauna nake rubuta muku wannan. Inna, kakarku, ta koma ƙauye, gaskiya ne. Can ta rasu bayan 'yan damuna, ban sake sa ta a ido ba, wannan ma gaskiya ne. Abin da ya faru a tsakani ne ba ku sani ba, babanku da zai gaya muku kuwa ya riga mu gidan gaskiya.

Shekarar babban fari ce, wadda soja suka karɓi mulki a cikinta. Muna haya a Gamkalle, gidan ƙasa mai ɗaki biyu kusa da lambuna, inda in mutum ya tsaya bakin ƙofa yana hango gulbi. Gulbin ya janye har yashi ya fito a tsakiyarsa fari fat, mata na ratsawa da ƙafa, kaya a ka, ruwa iyakar gwiwa. Da rana komai yakan yi tsit. Shanun mutanen arewa da suka gudo suna kwance wajen gadar Gaweye, ba kuka ba motsi, sai ido. Rediyo ba abin da take sai kiɗan soja da sanarwa. In na tuna lokacin yanzu, ji nake kamar duk garin barci muke a tsaye, mu je kasuwa mu dawo cikin barcin, mu yi wanki mu shanya cikin barcin. Babanku direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana kai hatsin taimako Tawa da Dakoro har gaba. Da soja suka zo tafiyar ta ƙaru, kuma kullum ana haɗa shi da soja guda a gaban mota don kada buhu ya yi ƙafa a hanya.

A wata dawowa ya zo da mahaifiyarsa. Ƙauyensu yana arewa da Dakoro, ɗan ƙarami ne ko a lokacin ƙoshi. Rijiya ta ƙafe, dabbobi sun ƙare, tsohon ya rasu, sauran mutane kowa ya kama gabansa. Ya same ta zaune ita kaɗai a gindin rumbu, ya ɗauko ta. Ta sauko daga mota da ƙullin tsumma da tukunya guda. Na yi mata shimfiɗa a ɗaki na biyu, na yi mata duk abin da na san ana yi wa suruka, amma Inna ba ta tare da mu. Jikinta ne kawai ya zo Yamai. Ba ta jin Zabarmanci, maƙwabtanmu kuwa yawanci Zabarmawa ne. Sai ta wuni a jikin bango tana kallon arewa, in na kawo tuwo ta taɓa ta ture. Tsorona shi ne ta mutu a hannuna ba ciwo ba komai, don na taɓa ganin akuyar da aka raba da garke ta yi haka.

Wuta ce ta fara tashe ta. Ku da kuka girma da gas ba za ku gane wahalar hura wuta a shekarar nan ba. Itace akwai, ko da yake 'yan gandun daji sun tsananta, ba mai sare ɗanye ya kwana lafiya. Abin da ake sayarwa saiwoyi ne da guma-gumai masu taurin kai. Abin da babu shi ne ɗan ƙaramin abin da zai kama wuta ya miƙa wa babban. Kara da ciyawa da yayi, har tsohuwar zana, duk sun tafi cikin dabbobi. Kananzir kuwa sai wanda ya san wani. Sai in kusa ƙare kwalin almeti, ashana ke nan, ina durƙushe, ido na hawaye, icce na kallona. Wata safiya Inna ta gaji da kallon wannan abin kunya, ta taso ta ture ni da gwiwar hannu.

"Tashi, ɗiyar birni. Wa ya ce miki kullum ana kashe wuta a sake wata? Wuta kwana take kamar mutum."

Daga ranar murhu ya koma hannunta. Da la'asar takan sauka bakin gulbi ta tsinto busasshen kashin shanu a zaninta. In an gama tuwon dare ta tara garwashi wuri guda, ta jingina masa gungume, ta jera kashin shanun a gefe, ta rufe da toka a hankali kamar mai lulluɓe jariri, ta kifa guntun kasko ta bar 'yar kafa. Da asuba ta buɗe, sai ga jan ido yana kallonta daga cikin toka. Busa biyu, wuta ta tashi.

Biba ce ta fara ganewa, maƙwabciyarmu Bazabarma, matar wani mai lambu, mace mai dariya da hannu biyu. Ta ga hayaƙinmu yana riga na kowa tashi, ta zo da guntun kasko ta durƙusa ta ce fofo, gaisuwarsu ke nan. Inna ba ta san fofo ba, amma ta san mace da kasko a hannu da sassafe, don haka ake yi a ƙauyensu tun tana yarinya. Ta ɗebo mata garwashi ta yayyafa toka a kai. Kashegari Biba ta zo da maƙwabciyarta ta gidan haya, jibi lungu duka. Har yau in na rufe ido ina ganin safiyoyin nan. Gari bai gama wayewa ba, sanyin gulbi na shigowa ta kan katanga, mata na fita daga gidanmu ɗaya bayan ɗaya, kowace da jan abu a tafin hannu tana kare shi da gefen mayafi, wutar na tafiya cikin lungu tana rarrabuwa gida gida. Ba wadda ke zuwa hannu rabbana. Wata ta kawo yakuwa, wata ɗan kifi, wata ta miƙo yaro mai zazzaɓi a taɓa goshinsa. Inna na yi musu faɗa da Hausa, suna amsawa da Zabarmanci, kowa ya gane. Ta fara cin abinci. Ta fara ɗaura kallabi da kyau. Har gulma ta fara yi mini.

"Waccan mai tsagar ba ta zo da wuri ba yau. Mijinta bai kwana gida ba, ki sa ido ki gani."

Ni kuwa ga tawa damuwar. Babanku in ya tafi, a daji suke yada zango, shi da sojansa. Matattun itatuwa ko'ina, amma ƙasa a share take kamar tsakar gida, ba ko tsinke. Sai su jiƙa tsumma da man mota su cinna, shayi ya fito da warin gazuwal, shinkafa haka. Wata rana ya dawo ba gira guda, wuta ta lashe ta. Na yi dariya har na zauna, sannan na ji tsoro. Na tuna uwata a Maraɗi takan tsoma auduga cikin guiɓar man gyaɗa in itace ya jiƙe da damuna. Mai ya fi ƙarfinmu a shekarar, amma ƙanen Biba kuku ne a gidan wani Bature, inda ake zubar da guntayen buji, wato kyandir, in sun gajarta. Na ce ya riƙa tara mini. Na bi masu jaki zuwa Saga na ɗebo ɓuntun shinkafa a inda ake sussuka, na bi ta shagon wani tela mutumin Damagaram na kwashe ƙyallayen da ke ƙarƙashin kekensa.

Ga yadda ake yi, don kada ya ɓace. A zuba guntayen buji a gwangwanin tumatir, a sa gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi, ba kan wuta kai tsaye ba, don kakin in ya yi fushi kamawa yake. In ya narke a zuba ɓuntu a juya da tsinke har kowane ƙwaya ya sha. A bari ya huce daidai yadda hannu zai iya, a ɗauki ƙyalle mai tsawon yatsa a sa tsakiya, a dunƙule, a bar bakin ƙyallen a waje ya zama lagwani. Na farko da na yi kaki ya yi yawa. Babanku ya sa su a aljihun gaban mota, kafin Doso rana ta narkar da su, suka bi rigarsa ta salla da ke naɗe a wurin. Ya dawo da riga mai tsayuwa da kanta. Na biyu na rage kaki, na ƙara ɓuntu da ɗan garin katako, na birkiɗa su cikin toka, na jera a gwangwani mai murfi da yashi a ƙasa. Waɗannan suka yi. Almeti guda, lagwani ya kama, abin ya yi ta ci a hankali da harshe rawaya, ba gaggawa, har gungumen ya gaji ya ba da kai. Babanku ne ya raɗa musu suna ƙuli-ƙulin wuta, don kamarsu ɗaya, kuma sau ɗaya sojansa ya kusa kaiwa baki.

Na ji daɗin kaina ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Direbobi suka fara aiko matansu. Biba ta gani ta ce in koya mata, na koya mata, ita kuma ta koya wa lungu. Abu ne da ba shi da wuya, kuma wace mace za ta bar shimfiɗa da asuba ta fita da kasko alhali wuta na cikin gwangwani a gindin gadonta? Ba rana guda aka daina zuwa ba. Yau ba mai tsaga, gobe ba matar mai kifi, har ya zama Inna ta buɗe toka, jan idon ya fito, ta busa, ta zauna a gefensa hannu bisa gwiwa tana kallon ƙofa har rana ta hau katanga. Hayaƙi na tashi daga kowane gida, ba wanda ya yi sallama. Ba wanda ya yi mata laifi kuma, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Ta koma jikin bangonta. Tuwo ya koma dawowa yadda na kai shi.

Na je na roƙi Biba ta riƙa zuwa ko don Allah. Ta zo kashegari da kaskonta, ta durƙusa ta ce fofo. Inna ta ɗebo mata garwashi kamar kullum, ta yayyafa toka, sannan ta ɗaga kai ta dubi saman katanga.

"Hayaƙin gidanki ya riga ki isowa, ɗiyata. Sauka lahiya."

Da Biba ta fita ta juyo gare ni, ba faɗa ba tsawa.

"Kada ki sake roƙa mini mutane."

Ana nan hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma yana watsewa, ya haɗu ya watse, duk gari ido a sama. Babanku ya dawo daga wata tafiya ya ce an yi ruwa arewa da Dakoro, ya ga tsiro a gefen hanya. Ya faɗa ne don ya faranta mata. Ta bari ya gama cin abinci, sannan ta yi magana tana kallon ƙasa, don ɗan fari ne, ba ta kama sunansa ba ta duban idonsa.

"A gaya wa mai mota in zai koma ya tahi da ni."

"Inna, wajen wa? Ba kowa can. Da idona na gani, ko kare babu."

"Gona tana nan. Kushewar tsoho tana nan."

"Ba zan kai ki ba. In mutane sunka ji na mai da uwata kufai, mi zan ce musu?"

Ta tashi ta koma jikin bangonta. Kwana biyu bayan haka ina tsakar gida da hantsi, ke Balki kina goye a bayana, ina narka buji, sai na ji inuwa a kaina. Inna ce. Abin da ba ta taɓa ko kallo ba tun da na fara yinsa. Ta tsuguna ta ɗauki guda ta juya shi a hannu ta shinshina.

"Koya mini abin ga."

"Inna, ke da wuta ba ta mutuwa a hannunki?"

"Nan ne ba ta mutuwa, don na san ko ta mutu akwai gidan da zan shiga. Can in ta mutu, wa zan yi wa sallama?"

Na ci gaba da juya tsinke cikin gwangwani. Na gane ba shawara take nema ba, ta riga ta tafi, abin da ya rage mota ce. Na gane kuma in na yi shiru babanku zai riƙe ta da ƙarfin ƙauna har ta ƙare a jikin bangon nan. Da ya dawo daga garaji na tare shi a ɗaki. Ban taɓa sa baki tsakaninsa da uwarsa ba sai ranar.

"Malam, ka kai ta."

"Ke ma? Ta dame ki ne a gidan?"

"Ka san ba haka ba ne. Dubi wuyan hannunta. In ta zauna nan, kahin kaka mu za mu binne ta, wannan na sani. In ta tahi ban san abin da zai faru ba. Ni na zaɓi wanda ban sani ba."

"In wani abu ya same ta, a wuyanki yake."

"Na ɗauka."

Kwanakin da suka rage tare muka yi su, ni da ita, a inuwar bango. Ina narkawa tana dunƙulawa. Nata sun fi nawa kyau nesa ba kusa ba, sumul kamar curin fura, duk girmansu ɗaya. Ta ƙi ƙyallen tela, ta yage tsohon zaninta na saƙi ta yi lagwani da shi, wai ya fi riƙe wuta. Muna yi tana ba ni labarin ƙauyen, wane gida ke gabas da rijiya, wace bishiya ke fara toho, har na ji kamar na taɓa zama can. Muka cika tukunyar da ta zo da ita, toka a ƙasa toka a sama, na ɗaure bakin da fata, na cusa mata kwalayen almeti cikin ƙullin tsummanta. Ranar tafiya ta hau gaban kamiyo tsakanin ɗanta da soja, tukunya a cinya. Ta sa mini albarka ta taga, gajeriya, irin tata. Na yi kuka har Biba ta riƙe ni.

Babanku ya dawo shi kaɗai, kuma ya daina yi mini magana. Ba zagi ba duka. Ya ci abincina, ya ajiye cefane a bakin ƙofa, ya karɓi gwangwaninsa in zai yi tafiya, amma in ban da amsa sallama ba abin da ke haɗa mu. Zali ta zo daga Maraɗi ta tsaya tsakar gida ta faɗi abin da har yau take faɗa, bai hana ta ba. Damuna ta sauka sosai, gulbi ya cika ya rufe yashinsa, lambuna suka yi kore, ni kuwa ina cikin gida kamar baƙuwa. Na yi fushi da shi, na yi fushi da kaina, wani lokaci har da Inna. Amma ko sau ɗaya ban ce da na sani ba.

Wata safiya bayan an fara cin sabon gero, ina durƙushe gaban murhu, sai ya fito ya jawo kujerar tsuguno ya zauna kusa da ni. Ya daɗe yana kallon lagwanin yana ci. Sannan ya fara magana, ba ni yake kallo ba. Ya ce ranar da ya kai Inna, sun isa ƙauyen da la'asar. Ƙofofi a faɗe, danga a kwance, ba zakara ba sawun mutum, sai ɗan tsiro kore a kan juji. Ya share mata ɗaki, ya sauke mata hatsi da iri, ya duba rijiya ya ga ta yi ruwa, ya tara mata matattun itace. Ya sake roƙonta ta hau mota su koma, ta yi kamar ba ta ji ba. Ta gyara duwatsun murhunta na da, ta kwance bakin tukunya, ta ɗauko ƙuli-ƙuli guda ta sa ƙarƙashin icce, ta ƙyasta almeti. Ba iska ranar, hayaƙin ya miƙe sama sak, ana iya ganinsa daga nesa. Soja na cewa dare zai yi musu. Ya hau ya tada mota, ƙafarsa ta ƙi taka komai. Suna nan zaune injin na kaɗawa, bai san iya daɗewar da suka yi ba, sai sojan ya taɓa masa hannu ya nuna masa gabas.

"Mace ce," in ji babanku. "Daga bayan tudu ta ɓullo, ramammiya, da goyo. Ban san ta ba, ba 'yar garinmu ba ce. Tana tahe a hankali tana bin hayaƙin, da guntun kasko a hannu. Sai na kashe mota."

"Sai me?"

"Ta tsaya inda ƙofa take a da, ta yi sallama. Inna ba ta sake duban mota ba. Ta jawo mata tabarma ta ce, shigo ɗiyata, amma ki zauna tukuna, ba ta yi garwashi ba."